Gwiwata Ce Ta Ci Amanata

Bari in faɗa maku da bakina tun kafin ku ji a bakin maƙiya: kafin wannan abin ban taɓa yin kokowa ba. Ko irin wadda yara ke yi a bakin rijiya ban yi ba, ni ne mai riƙe wa masu yi takalma. Amma wannan bai hana ni, Mushe Ɗanasabe (Mushe ake ce wa malamin lakol, wato makaranta, a wajenmu), malamin lissafi a kolej ɗin garinmu da ke kan hanyar Cadawa, miƙewa a taron malamai in ce duk yankin nan babu wanda ya san sirrin kokowa kamar ni ba.

Riga ce ta jawo mani. An aiko takarda daga Agye cewa za a yi gasar kokowa tsakanin kolej-kolej, kowace lakol ta kawo ɗalibai biyar da mai horar da su. Tare da takardar aka haɗo rigar wasanni shuɗiya mai zif da usur mai igiya ja, na mai horarwa, kuma aka ce shi zai zauna a bencin gaba cikin rumfar manya. Direkta ya rataye rigar a ƙusa cikin buro, wato ofishinsa. Wallahi sau uku na shiga buron nan a rana ɗaya da sunan neman alli. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi, ko sau ɗaya ba a taɓa tafa mani ba, in na fita aji ma ajiyar zuciya yara ke yi. Na ce rigar nan ko ta halin ƙaƙa sai ta hau jikina.

Sai Direkta ya ce, “Ai abin mai sauƙi ne, a ba Sajo.”

Sajo shi ne mai gadin lakol, dattijo siriri mai furfura a gemu, wanda aka ce ya yi kokowa da ƙuruciya. Kullum yana gindin itacen bedi da butar shayinsa, ba ya magana sai ta kama.

Na ce, “Haba Mushe Direkta! Zamanin Sajo ya wuce. Kokowar yanzu ba ta damtse ba ce, ta kai ce. Tattara hankali ake yi wuri guda, jiki ya biyo baya.”

“A ina ka koyo wannan?”

“Na yi bincike.”

Binciken kuwa shi ne bidiyo tara da na kalla a waya, na wani Bature mai horar da ƴan kokowar jami'a a ƙasarsu. Ban ji ko kalma ɗaya ta yarensa ba, amma na lura yana yawan buga gefen kansa da yatsa, sai na gane sauran. Direkta ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce in ɗauki yaran na sati uku a gani.

Ranar farko na tara ƙattin ɗaliban ajin ƙarshe su goma sha biyu, na ɗiga ɗigo ɗaya da alli a tsakiyar allo, na ce kowa ya kafa masa ido har awa guda, ba ƙiftawa, ba waiwaye. Don in nuna masu misali ni ma na zauna na kafa. Da awar ta cika na waiwaya, bakwai sun yi barci, biyu sun fita ta taga, akuyar matar Direkta kuwa tana kan teburina tana tauna shafin ƙarshe na littafin da na rubuta Dokoki Bakwai na Tattara Hankali.

Sajo ya leƙo ta taga ya ce, “Mushe, akuya ta cinye maka karatu.”

Na ce, “Na gan ta tun shigowarta. Ƙin kula ta na yi da gangan, darasin ke nan.”

“To madalla. Ita kam ta tattara hankalinta, ko layi ɗaya ba ta bari ba.”

Yaran suka fashe da dariya. Na rubuta sunayen waɗanda suka fi dariya a tafin hannuna, zufa ta goge kafin a tashi.

A gida ma ban huta ba. Na ce wa matata Rakiya daga yau in ta ga na yi shiru kada ta yi mani magana, horo nake yi. Na cusa auduga a kunnuwa biyu, na je na tsuguna gaban ragonta da take kiwo don layya, na zuba masa ido. Dabarar ita ce duk wanda ya fara kawar da kai an fi shi ƙarfin zuciya. Muka ɗan jima muna kallon juna. Can sai na ga ragon ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, Allahu akbar, ga shi nan, dabba ma ta sallama! Ta gefen ido ina hango Rakiya tana ɗaga hannuwa tana buɗe baki, na ɗauka jinjina take yi mani. Ashe cewa take igiyar ragon ta kwance.

Da na dawo hayyacina ina zaune cikin kwanon ruwan dusa, ƙafafu a sama, hular ta tafi nata wuri. Matan maƙwabta uku sun jeru a kan danga suna kallo.

Ɗaya ta ce, “Rakiya, lafiya mijinki ke wanka a kwanon rago?”

Rakiya ta ce, “Horo yake yi, Inna. An ce kada a yi masa magana.”

Ta zo ta zare mani audugar da kanta, ta ce, “Malam, kai da kake malamin lakol ba ka san in rago ya ja da baya tunkuri zai kawo ba? Yaron goye ya san wannan.”

Na ce, “Ban ƙifta ba dai, ko? Ki faɗi gaskiya, kin ga na ƙifta?”

“Ban gani ba. Ka wuce da sauri.”

Tun daga ranar na bar auduga. Na bayyana wa ɗalibai cewa mai hankali na gaskiya ba ya buƙatar toshe kunne, yana ji ya ƙi ji.

A sati na biyu ina tsakar filin lakol, tsaye da ƙafa ɗaya, ina nuna wa sauran yara shida da suka rage yadda ake kafe jiki kamar turke, sai wayata ta yi ƙara. Na duba, surukina ne, Baba Jika, mahaifin Rakiya, daga wani ƙauye bayan Gidan Rumji. To ni dai tun ranar da na je neman auren ɗiyarsa, da na ji muryar mutumin nan gwiwoyina ba sa shawara da ni. Yana da wata ɗabi'a, sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya ce komai. Ina kara wayar a kunne na ji “ƙhm, ƙhm”, sai ga ni durƙushe cikin yashi, hannu a ƙirji.

“Lafiya lau, Baba. Lafiya lau. Suna lafiya. Ya ƙarfin jiki? Madalla, madalla. Za su ji, Baba.”

Na gama na miƙe ina kakkaɓe wando. Sajo na gindin bedinsa, ya tsaya da zuba shayi, buta a sama.

Ya ce, “Mushe, wa ke nan da ake durƙusa masa ta waya?”

“Surukina ne, Baba Jika.”

“Jika na wajen Gidan Rumji? Mai gyaran murya?”

“Ka san shi ne?”

Ya ce, “Sama-sama,” ya ci gaba da zuba shayinsa. Ni kuma na koma kan ƙafata ɗaya.

Kafin sati na uku ɗalibaina sun koma biyu, su ma don ina riƙe da makinsu na lissafi ne. Sauran duk in an tashi sai su zagaya bayan azuzuwa, Sajo na nuna masu yadda ake kama ƙugu da yadda ake sa ƙafa. Abin ya ci mani rai ƙwarai. Ranar kasuwar Cadawa na je teburin mai shayi, na tarar da Direkta da Sajo da wasu malamai biyu, ga mutane cike da benci. Na zauna na rufe ido don in yi wata dabara da ake kira ganin nasara a zuci, wato ka hango kanka ka kayar da abokin karawa tun kafin ku haɗu. Ina cikin hangowa, har na ɗaga Sajo sama a raina, ashe hannuwana sun bi, na rungumi iska ina nishi. Sai na ji ruwa mai sanyi a fuska. Wata tsohuwa mai tallar ƙuli-ƙuli ce ta watsa mani, tana tofa addu'a tana cewa a riƙe shi, sun hau kansa.

Na ce, “Iya, ba aljanu ba ne, kimiyya ce!”

Ta ce, “Duk haka suke cewa, ɗan nan.”

Dariyar da aka yi a teburin nan ita ta tunzura ni. Na miƙe, ruwa na ɗiga daga gemuna, na nuna Sajo da yatsa na ce, “A gaban jama'a nake faɗa, ni da kai ranar Asabar bayan la'asar a filin lakol. Wanda ya yi kaye shi ke da riga da usur.”

Sajo ya ce, “Haba Mushe, ni tsoho? Gwiwoyina ma ciwo suke.”

“Ka ji tsoro ke nan.”

“To in dole ne, a yi kaye uku, wanda ya ci biyu ya ɗauka. Kowa na iya yin tuntuɓe.”

Na ce, “Mai tattara hankali ba ya tuntuɓe. Kaye ɗaya tak! Kuma gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, ko da wane dalili ne.”

Direkta ya ce, “Ko da wane dalili, Mushe?”

“Ko da wane dalili. Da hannuna zan rubuta.”

Na kuwa rubuta. Ranar Asabar na sa aka fito da allo aka jingina a jikin bedi, na rubuta dokar da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashin “ko da wane dalili”.

Ban san garinmu na da mutane haka ba sai ranar. An zagaye fili da buhunan yashi, mata a gefe guda, maza a gefe guda, masu kabu-kabu sun jera baburansu sun hau kai. Wani makaɗi ya zo da gangarsa ba wanda ya gayyace shi. Tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ma ta biyo mota daga Cadawa, da kofin ruwanta a hannu ko da za a buƙata. Direkta ne alƙali, ya rataya usur ɗin nan mai igiya ja a wuya, rigar kuma an shimfiɗa ta a kan kujera inda kowa zai gani. Rakiya ta ce mani tun a gida, “Malam, ka yi wa Allah ka ce zazzaɓi ya kama ka.” Na ce ta tanadi guɗa kawai.

Na fito da gajeren wando, tumbi a gaba, na ɗaga hannu na yi kirarin da na kwana uku ina tsarawa: “Sai ni Ɗanasabe na Rakiya, mai raba lamba ba saura! Kai ɗaya ya fi damtse goma! Rago ya gwada ya bar ni da rai!” Aka yi ihu. Na ɗauka na yabo ne.

Sajo ya fito a hankali, ya tuɓe rigarsa ya ninke, ya ɗebi yashi ya murza a tafin hannu. Direkta ya busa usur.

To a nan ina so ku ba ni haƙƙina, don ba wanda ke faɗin wannan ɓangaren in ana ba da labarin. Dabarata ta yi aiki. Wallahi ta yi aiki! Na kafa wa ƙirjin Sajo ido kamar ɗigon allon nan, duniya duk ta ɓace mani. Masu kabu-kabu suka dinga matsa oda, ban waiwaya ba. Wani ya yi ihu, “Mushe, ga rago nan bayanka!” ban motsa ba. Wani ya ce wandona ya yage, ko a jikina, ko da yake daga baya na tarar gaskiya ya faɗa. Sajo ya kawo hannu na doke, ya sa ƙafa na tsallake, ni kaina ban san na iya ba. Ga shi na fi shi nauyi nesa ba kusa ba, na fi shi ƙuruciya da shekara ashirin. Muka yi ta zagaye har na ji numfashinsa ya fara sama-sama. Na shige shi, na cafki ƙugunsa da hannu ɗaya, na ɗaga ƙafarsa ta hagu da ɗayan. Tsohon nan ya rage a kan ƙafa ɗaya yana tangaɗi. Filin ya yi tsit, makaɗi ma ya tsaya. Turawa ɗaya ta rage, ɗaya tak, har ina jin sanyin zif ɗin rigar nan a ƙirjina.

Sai na ji daga bayana, kusa da buhunan yashi: “Ƙhm, ƙhm.”

“Malam Ɗanasabe, mun same ku lafiya?”

Jama'a, ban yanke shawara ba. Na rantse da Allah kaina bai ba da umarni ba, yana can kan ƙirjin Sajo inda na ajiye shi. Gwiwoyin ne suka yi gaban kansu. Na saki ƙafar mutum, na juya, na zube rim a cikin yashi, hannun dama a ƙirji, kai a sunkuye.

“Lafiya lau, Baba. Sannu da hanya, Baba. Ya mutanen gida?”

Usur ya tashi, fiiit! Filin ya kece. Mata suka rangaɗa guɗa, kuma na gane muryar Rakiya a ciki, ta cika alkawarin tanadin da na sa ta. Makaɗi ya faɗi a kan gangarsa yana riƙe ciki. Direkta ya ɗaga hannun Sajo, hawaye na zubo masa don dariya.

Na ɗago a durƙushen na ce, “Mushe Direkta, wannan gaisuwa ce, ba kaye ba ne!”

Sai ya nuna mani allo. Ɗalibai kuwa suka haɗa baki suka karanta da irin muryar da suke karanta jadawalin sau: “Ko da wa-ne da-li-li!”

Na ce, “A sake! Ai Sajo da kansa ya ce a yi uku!”

Sajo yana haki ya ce, “Na ce, Mushe. Kai ka ce mai tattara hankali ba ya tuntuɓe.”

Baba Jika ya tako cikin fili da sandarsa da babbar rigarsa mai ƙurar hanya, ya miƙa wa Sajo hannu suka tafa kamar yara. Ashe sun san juna ciki da bai. Shekara talatin da suka wuce sun sha kamawa a filayen Tibiri da Cadakori, kuma Sajo ne ya aika masa da saƙo ta bakin wani direban motar kasuwa, cewa surukinsa zai yi kokowa, ya zo ya gani, amma ya tsaya bayan mutane, kada ya gaisa da kowa sai ya ga ƙafar Sajo ta bar ƙasa.

Na ce, “Sajo, wannan ai maguɗi ne.”

Ya ce, “Mushe, sati uku kana kallon ɗigo, ni ina kallon ka. Kokowar ke nan.”

Baba Jika ya dube ni daga sama, don har lokacin ban tashi ba. Ta yaya zan tashi yana tsaye a kaina? Ya yi gyaran muryarsa sau biyu, gwiwoyina suka ƙara nutsewa cikin yashi.

Ya ce, “Shekara ashirin na yi ina kokowa, duk wanda na kayar sai da na yi zufa. Yau ga ƙato na kayar da gaisuwa, ko rigata ban tuɓe ba.” Ya juya wajen mata ya ɗaga murya. “Rakiya! Mijinki ba ɗan kokowa ba ne, kada ki ƙara barin shi ya tuɓe a gaban mutane. Amma yana da ladabi, Allah ya yi masa albarka.”

Duk filin aka amsa da amin. Ni ma na ce amin, don ba a ƙin amsa addu'ar suruki. Ina durƙushe ina kallo Direkta ya ɗauki rigar ya sa wa Sajo. Ta yi masa yawa, hannuwan sun rufe masa yatsu sai da ya naɗe su sau biyu. Daidai jikina aka ɗinka ta, kowa ya gani.

An je Agye, yaranmu sun zo na biyu. Ni ma na je, ni ne mai riƙe jarkar ruwa da takalman ƴan kokowa, aikin da na iya tun ina yaro. Daga inda nake tsaye a rana ina hango Sajo a bencin gaba cikin rumfa, yana gyangyaɗi a cikin rigata.

Ban daina horo ba, kada ku ɗauka na sallama. Yanzu gwiwoyin nake horarwa. Na yi rantsuwa sai na amsa wayar Baba Jika a tsaye ko sau ɗaya kafin in mutu. Jiya ya kira, na kama ƙofar ɗaki da hannu ɗaya na riƙe gam, na kafa wa bango ido, na ɗauka. Na jure gyaran murya na farko. Rakiya ta ce a na biyun har ƙofar na sauko da ita.